Irin Citta da Zaɓi na Biyar

A gidanmu ni ne wanda ya sani. Ba ni na nema ba, haka aka raba aiki tun muna yara: yayana ya ɗauki garma, ƙanwata ta ɗauki keken ɗinki, ni kuma aka ɗora mini sani. Ranar da na gama karatun aikin gona an yi godiya a coci. Baba ya sa rigar da ba ya fito da ita sai Kirsimeti, ya tsaya gaban ikilisiya ya ce daga yau ƙauyen nan ya sami ido. Tun daga nan, ko akuya ce ta yi tari ko tsutsa ta huda ganyen masara, amsa ɗaya Baba yake ba mutane: "Ɗana zai duba." Ni kuwa in na duba sai na faɗi wani abu, ko da a hanya na tsinto shi. Aikin malamin gona da na samu a Kafanchan ya ƙara mini wannan hali. Mutum ya hau babur tun daga ƙauye da tsiro a leda, ya same ni a ofis da biro a aljihu, da wane baki zan ce masa ban sani ba?

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasarmu, Baba ya kira ni a watan Yuli, ganyen gonarsa ya fara rawaya. Na je, na tsuguna, na murza ganye a hannu kamar mai ganin wani abu, na ce yawan ruwa ne da ƙarancin taki, a fesa magani kaza za ta farfaɗo. Ya fesa sau biyu. Kafin wata ya ƙare ba a iya wucewa ta gefen gonar sai an toshe hanci. Ba tamu kaɗai ba ce, duk inda ka juya haka abin yake, saboda haka ba wanda ya ɗora mini laifi. Amma ni na san na yi magana ne ba da sani ba. Baba bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa, kuma wannan shirun nasa ya fi zagi ciwo a wurina.

Abin da ya tsira 'yar gona ce a kan tudu, bayan dutse. Baba ya haƙe ta, bai sayar da ko tiya ɗaya ba, ya binne a inuwar mangwaro ya rufe da ganye don iri. Rabin irin ya yi wa Gwaggo alkawari, wato ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu kuma tata gonar ta ruɓe ƙurmus. A watan Janairu ya aiko in zo. Ya yaye ganyen, ya zaro citta guda, irin mai faɗin nan da ake kira tafin giwa, ya miƙo mini da wuƙa. Gwaggo tana zaune a 'yar kujera tana kallon hannuna. Na yanka. Cikin rawaya ne fes, ba tabo. Na sunsuna, ƙamshin ya hau mini kai. Na yanka ta biyu da ta uku, duk haka. Na mayar masa da wuƙarsa.

Da yarenmu muke magana a gida, amma in zance ya yi nauyi Baba yakan koma Hausar coci. Da ita ya ce mini: "Kafin ruwa ya zauna za ka gaya mini. In irin nan yana da kyau mu shuka. In ba shi da kyau mu sayar yanzu da ana nema, mu sa masara. Ni da gwaggonka ba za mu iya faɗuwa sau biyu ba."

Na ce to. A raina na riga na gama yanke cewa a shuka, ina dai jan lokaci ne don maganar ta yi kama da ta wanda ya yi bincike.

A wannan ranin ne kuma nake shirin wata jarrabawa. Ina neman gurbin digiri na biyu a wata makaranta ta ƙasar waje, fannin kasuwancin amfanin gona, kuma ba sa buɗe takardar mutum sai ya rubuta wannan jarrabawa ya aika musu da maki. Turancin bai ba ni tsoro ba, lissafi kuwa tun firamare muke ɗasawa da shi. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro wasu irin tambayoyi ne da ban taɓa gamuwa da su ba. Za a yi maka tambaya, a jera bayani biyu a ƙarƙashinta, sannan a ce ba amsar ake nema ba. Abin da ake so ka faɗa shi ne ko bayanan sun isa a ba da amsa. Zaɓi biyar ne kullum, ba sa canzawa. Ko bayani na farko shi kaɗai ya isa, ko na biyu shi kaɗai, ko sai an haɗa su, ko kowanne ya isa shi kaɗai. Na biyar kuma shi ne, ko an haɗa su ba su isa ba. Kusan minti biyu mutum yake da shi a kan kowace tambaya.

Da na fara gani dariya na yi. Na ce wannan ai jarrabawar ragwaye ce, tunda an ce kada ma ka ƙarasa lissafin. Gwajin farko da na yi wa kaina, rabi na faɗi. Na biyu ma haka.

Wadda ta taimake ni wata mai shagon magani ce, kusa da tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Iyayenta daga Gabas suka zo, amma a Kafanchan aka yanke mata cibiya, kuma tare muka yi sakandare. Ta rubuta jarrabawar kafin ni, ta ci, sai mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta fasa tafiya. Littattafan suna nan a ƙarƙashin teburin shagon, gefensu duk ya naɗe. In na tashi aiki da ƙarfe huɗu sai in wuce can, in zauna a bencin masu jira. Ta duba ni tsakanin mai sayen maganin tari da mai neman auduga.

Tambayoyin littafin duk a kan jiragen ruwa ne da kamfanonin da ban san su ba, sai ta riƙa mayar mini da su gida. "Oga malamin gona, bari in sa maka da akuya, ko kanka zai ɗauka," in ji ta. Wani mutum yana da awaki da tumaki. Shin awakin sun fi tumakin yawa? Bayani na farko, dabbobin duka goma sha biyu ne. Bayani na biyu, awakin sun fi biyar.

Ko numfashi ban ja ba na ce sai an haɗa. Awaki bakwai, tumaki biyar, awaki sun fi.

"Wa ya gaya maka bakwai?"

"Ai sun fi biyar."

"Shida bai fi biyar ba? Akuya shida, tunkiya shida, wa ya fi wani? Kai ka kawo wannan bakwai ɗin daga gidanku. Abeg, don Allah ka bar shi a can."

Haka muka yi ta yi. Laifuffukana ba su da yawa, amma suna da naci. In na karanta bayani na farko, sai ya bi ni cikin na biyu, in riƙa amfani da shi ban sani ba. Maganin wannan wani fankon kwalin magani ne da take ɗorawa a kan layin farko, ta danne da yatsa, ta ce in karanta na biyu kamar yanzu na shigo shagon. Sannan ni a kaina kowace lamba buhu ce, cikakkiya, ana iya ɗaga ta a ɗora a mota. In aka ce wata lamba an ninka ta da kanta ta ba da tara, uku kawai nake gani. Ba na tuna akwai wata ukun a ƙasa da sifili, ba na tuna rabi da kwata, ba na tuna shi kansa sifilin. Ga kuma son ƙarasa aiki. Ko na gane bayanin ya isa, hannuna ba ya yarda ya tsaya, sai na fitar da amsar har ƙarshe, lokaci kuwa yana tafiya. An raine ni a kan cewa ba a barin kunyar noma rabi a tashi, kuma malamanmu na lissafi a kan kowane mataki suke ba da maki. Sai da ta riƙa fizge biron daga hannuna.

Wata ranar Alhamis na iso na tarar ta baje takardun gwajin da na yi na sati uku, ta yi musu alama da jan biro.

"Ka yi rantsuwa ne a coci?" ta ce.

"Rantsuwar me?"

"Tambaya sittin. Ko sau ɗaya ba ka taɓa zaɓi na biyar ba. Ko makaho yana jifa sai ya same shi wata rana."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci surutu nake yi. Na ce wace irin jarrabawa ce za a tara mutane, a sa musu agogo, sannan amsar ta zama ban sani ba? Na ce wanda ya yi karatu aikinsa ya nemo amsa, in babu ya matsa har ta fito. Na ce abubuwa da yawa. Tana jina tana jera kwalabe.

Ana haka wata mata ta shigo da yarinya a goye, ta ce jikinta zafi tun jiya, a ba ta maganin maleriya. Abokiyata ta taɓa goshin yarinyar, ta tambayi ko tana amai, ko tana cin abinci, ko an ba ta wani abu. Sannan ta ce ba za ta sayar ba sai an gwada jini, zafin jiki kaɗai ba ya nuna wane ciwo ne, ga wurin gwaji nan a bayan layi. Matar ta yi tsaki, ta ce shagon gaba ba sa wannan dogon Turanci, ta fita.

"Kullum sai na rasa kamar uku haka," in ji ta, ba ta ko kalle ni ba. "Babana shekara talatin yana ba jirgi hannu. Layi yana gabansa, yana gani da ido babu komai a kai, amma ba ya sakin jirgi sai tasha na gaba ya buga masa waya. Ka taɓa jin an ce bai san aikinsa ba?"

Na tattara takarduna na kama hanya da ƙafa, ko babur ban nema ba. A hanya na tuna yadda muke a ƙauye in baƙo ya tambayi hanya. Ba mai ce masa ban sani ba, rashin kirki ne. Za a nuna masa wani wuri da hannu, a ce ya miƙe in ya kai wurin itacen ɗorawa ya sake tambaya, ko da mai nunin bai taɓa jin sunan garin ba. Muna ganin mun yi masa alheri tunda bai tafi hannu wofi ba. Ni wannan tarbiyyar na ɗauka na kai makaranta, aka ba ni takardar shaida a kanta. Na ji kunya sosai a ranar, irin kunyar da ba mai ganinta sai kai.

Washegari na koma, ba ta tayar da maganar jiya ba. Ta koya mini abin da ya fi komai yi mini amfani. Ta ce in na karanta bayani kada in tambayi kaina mece ce amsa. In nemo misali biyu, kowanne ya bi duk abin da aka faɗa, amma ɗaya ya ba da i ɗaya ya ba da a'a. In na samu, bayanin bai isa ba, an gama. In na nema da gaske, na gwada sifili da rabi da na ƙasa da sifili, na rasa, to sai in yarda ya isa. Wato aikina shi ne in yi ƙoƙarin kayar da amsar da raina yake so.

Ranar da na fara zaɓen na biyar sai da biro ya yi ta shawagi a kan takardar. Ji na yi kamar na tsallake kwanon baikon coci a gaban dattawa. Da ta duba ta ce daidai ne, sai na ji wani sauƙi da ban yi tsammani ba. Daga nan kuma na wuce gona da iri, kamar sabon tuba. Duk tambayar da ta yi mini wuya sai in ce bai isa ba in huta. Ta ce wannan ragwanci ne ya sa rigar tawali'u, in ba ni da misalina biyu a hannu ba ni da izinin taɓa na biyar. Ta kuma nuna mini cewa in bayani ya tabbatar amsar a'a ce, to ya isa, don a'a ma amsa ce. Wannan ya ɗauke ni sati guda kafin ya zauna. A hankali jan biron ya ragu. Na fara gama tambaya da sauran lokaci a hannu, har nakan ɗaga kai in ga masu wucewa.

Duk wannan lokacin maganar irin Baba tana nan, na ture ta gefe. Wata rana a ofis, tsakiyar Maris, ba manomi ko ɗaya, na juya bayan wata takarda na rubuta ta yadda ake rubuta tambayoyin, rabi da wasa. Shin irin Baba lafiyayye ne? Bayani na farko, an yanka an ga cikinsa fes, ƙamshi daidai. Bayani na biyu, daga tudun da bai ruɓe ba aka haƙo shi. Na kalli layukan nan biyu na ga ba ni da komai bayansu. Wata biyu ina ɗauke da "a shuka" a baki, kuma wannan ne duk abin da na dogara a kai.

Satin nan aiki ya kai ni Gwantu ranar kasuwa. Na ji cewa a wasu ƙauyukan wajen ciwon ya riga namu da shekara guda, wato akwai waɗanda suka riga suka yi abin da Baba yake shirin yi. Na bar abin da ya kawo ni na shiga layin masu citta ina tambaya. Wani dattijo ya ce shi ya ajiye iri daga gonarsa ta tudu, ya yanka ya ga lafiya, ya shuka, kuma Allah ya ba shi. Har na fara murmushi. Na ce a raina ga shi nan, in tafi. Amma hali ya riga ya shiga, sai na ce masa ko ya san wani da ya yi haka bai samu ba. Ya nuna wani da ke zaune a kan buhun masara, taku goma daga inda muke. Maƙwabcinsa ne. Shi ma tudu, shi ma ya yanka ya ga rawaya fes, har ya ce ya ɗanɗana. Ta tsira da kyau, ta kai gwiwa, a watan Agusta ta kwanta. "Ciwon yana ɓuya ne, Malam," in ji shi. "Wuƙa ba ya ganinsa."

Misalina biyu ke nan, suna zaune a kasuwa ɗaya. Na tambaya ko akwai inda za a gwada irin a tabbatar, aka ce akwai amma da nisa, kuma sakamako ba zai dawo kafin shuka ba. A motar dawowa na san abin da ya kamata in gaya wa Baba. Ban san ko irin yana da kyau ba, kuma ba wanda zai sani da ido. A gwada kaɗan a sabuwar ƙasa, a sayar da sauran, a sa masara.

Na sani, amma ban je ba. Nan ne laifina yake, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Saura sati uku jarrabawa, sai na ce bari in gama da ita tukuna, kada in raba hankalina. Gaskiyar ita ce na kasa hango kaina a gaban mutumin da ya ce ƙauye ya sami ido, ina gaya masa idon bai gani ba. A takarda na iya zaɓen na biyar, ba mai kallon fuskata. Na daina zuwa gida ƙarshen mako. Baba ya kira sau biyu, na ce ina kan dubawa. Ruwan farko ya sauka kafin Ista, na ce ba mai shuka da ruwan farko. Na biyu ya biyo shi da kwana huɗu, na rufe taga na ci gaba da awaki da tumaki.

A Abuja na rubuta jarrabawar, a wani ɗaki mai sanyi, kowa da na'urarsa. Tambayoyin nan da suka hana ni sakat sun zo, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na rufe layin farko da yatsa a kan gilashin. Na zaɓi na biyar inda ya kamata. Makin ya fito nan take, kuma ya kai abin da makarantar take nema. Na kira abokiyata, ta yi ihu har na janye wayar daga kunne. A hanyar dawowa, tun kafin mu kai Kwoi, na ga ƙasa ta jiƙe sharkaf, mutane sun duƙa a gonaki. Nan murnar ta ƙare.

Da safiyar Asabar na isa ƙauye. Baba yana ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na gaya masa na ci jarrabawa, ya ce an gode wa Ubangiji. Sannan na zauna a ƙasa kusa da shi na faɗi abin da na zo faɗa, da yarenmu, ba tare da ado ba. Na ce abin da na gani a irin bai isa in ce yana da kyau ba. Na ba shi labarin mutanen nan biyu na Gwantu. Na ce ko bara da na ce a fesa magani, ban sani ba na faɗa. Ban taɓa jin bakina ya yi nauyi haka ba.

Ya ajiye fartanyar. Ya tambaye ni da Hausa: "Yaushe ka san wannan?"

"Sati uku ke nan, Baba."

Ya ɗauki sandarsa ya ce in tashi. Yana gaba ina biye, muka bi ta bayan coci muka gangara. Tun daga nesa na gane inda za mu. Gonar Gwaggo ce, an gyara ta tsaf, an shuka, an rufe fiye da rabi da busasshiyar ciyawa yadda ake yi wa citta don kada rana ta ƙone ta. A ƙauyenmu in za a fara gayyar shuka, gonar gwauruwa ake fara yi kafin ta kowa. Na san wannan tun ina ɗaukar wa masu gayya ruwa. A cikin satin ukun nan ko sau ɗaya ban bar kaina na tuna ba.

"Ranar Talata aka yi mata," in ji Baba. "Ta tambaye ni. Na ce ɗana ya yanka har uku, ya sunsuna, na kira shi sau biyu. Da akwai matsala da ya faɗa."

Gwaggo tana can ƙarshen gonar da damin ciyawa a ka. Da ta hango mu ta sauke, ta taho tana tafa hannu tana kirana da sunan da take kirana tun ina jariri, tana cewa ga mai ido ya zo ganin aikinsa. Baba ya ce, "Gaya mata." Na so ya faɗa mata da kansa, amma ya juya yana kallon dutse. Na maimaita mata duk abin da na gaya masa, har da satin ukun.

Ta saurara har na gama. Ta juya ta kalli gonar daga wannan gefe zuwa wancan. "To, an riga an rufe," ta ce. "Sauran na Ubangiji ne." Ta nuna mini damin da ta sauke, ta ce tunda na zo in taya ta ƙarasawa kafin rana ta yi zafi. Na cire takalmi na shiga. Har azahar muna shimfiɗa ciyawa, ni da ita da Baba, ba wanda ya sake ɗaga maganar.

Baba ya bi shawarata a kan nasa rabin. Ya shuka kunya kaɗan a wata sabuwar ƙasa, ya sayar da sauran, ya sa masara. Gonar Gwaggo ta tsira kore shar, har na fara ce wa kaina wataƙila ta bi sahun gonar dattijon farko na Gwantu. Kowace Asabar ina can ina zagaya ta. A tsakiyar Agusta ganyen ya fara rawaya daga gefen gangare. Wannan karon da ta tambaye ni ko akwai abin fesawa, na ce ban san wani da zai tsayar da shi ba. Muka tumɓuke waɗanda suka kamu muka ƙone, muka haƙa rami don ruwa ya wuce. Duk da haka fiye da rabin gonar ya tafi.

Makarantar ta ɗauke ni, tafiya ta kama farkon Satumba. Ana jibi zan bar Kafanchan, Gwaggo ta hau babur ta zo har ɗakina. Ta yi mini addu'a doguwa, ta ba ni gyaɗa soyayya a kwalba. Sannan ta buɗe kwandonta ta fito da wata baƙar leda, ta kwance. Citta ce guda, rabinta ya narke, warin ya cika ɗakin.

"Ka kai wa malamanka na can," ta ce. "Su duba da injinsu, su gaya maka abin da ya ci shi. In ka dawo ka gaya mana."

"To" ya riga ya zo bakina. Da na faɗa da ta koma gida da farin ciki, ni kuma in jefar da ledar a bola, ba mai sani. Na haɗiye shi. Na ce, "Gwaggo, ba za su bar ni in shiga jirgi da ita ba. Kuma inda za ni ba ciwon citta ake koyarwa ba. Yadda ake sayar da ita ne."

Ta dube ni, ta dubi ledar.

"To me za ka je yi can, in babu abin sayarwa?"

Ba gatse take yi ba, so take ta sani. Na tsaya ina kallon ruwan ruɓar yana ɗiga daga ledar a kan zanenta na zumuntar matan coci, wanda ta ɗaura musamman don ta zo yi mini sallama.